Yadda Sunan Mutum Ya Koma Lamba

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai a da, mai ba da bashi ya san wanda yake ba, ya san gidansu da halinsa. Yau banki na yanke hukunci a kan mutumin da bai taɓa gani ba. Wannan sauyi yana da tarihi.

A 1837 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ƴan kasuwa da dama suka karye, har da Arthur Tappan mai sayar da siliki a birnin Niyok. Ƙanensa Lewis Tappan ya lura cewa babbar asarar ta fito ne daga ba da kaya bashi ga mutanen da ba a sani ba. A 1841 ya buɗe Mercantile Agency, ya ɗauki lauyoyi a garuruwa suna aiko masa da labarin ƴan kasuwa: dukiyarsu, halinsu, ko suna shan giya. Abraham Lincoln ma ya yi wannan aiki kafin ya zama shugaban ƙasa. Wanda aka rubuta labarinsa kuwa ba ya ganin abin da aka faɗa a kansa.

A 1899 aka kafa Retail Credit Company a birnin Atlanta, aikin ya sauko kan talakawa. Zuwa shekarun 1960 ana zargin kamfanin da tattara sirrin aure da tsegumin maƙwabta yana sayarwa. Bayan majalisar dokoki ta yi zama a kai, aka zartar da dokar 1970 da ta ba kowa ƴancin ganin fayil ɗinsa da neman a gyara kuskure. A 1975 kamfanin ya koma Equifax.

Sai batun maki. Kamfanin Bill Fair da Earl Isaac, da aka kafa a 1956, ya fito da makin FICO a 1989, daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin 100 na makin ya dogara ga biya a kan lokaci, kashi 30 ga yawan bashin da ke kan mutum. Sauran ya haɗa da daɗewar tarihin bashi, sababbin basussuka da irinsu. Ke nan maki na gyaruwa ta hanyar da iyayenmu suka sani: ka biya ranar da ka ce, kada ka cika wa kanka kaya.

Amma tara bayanai wuri guda ya jawo ɓarayi. A 2017 aka kutsa kwamfutocin Equifax, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Da sunanka da ranar haihuwarka da lambar shaidarka, wani zai ci bashi ya bar ka da biya. Sunan yaro ya fi daɗi ga ɓarawo, domin babu mai duba fayil ɗinsa sai ya girma. Shi ya sa dokar Amurka ta 2018 ta bai wa iyaye damar kulle fayil ɗin ƴaƴansu ƴan ƙasa da shekara 16 kyauta.

Wannan tsari ya iso mana. Babban bankin BCEAO ya kafa rajistar bashi ta ƙasashen UEMOA, wadda ta fara aiki a 2016, kuma Nijar na ciki. Malamin da ya ci bashin banki a kan albashinsa a Maraɗi ko Damagaram, yadda yake biya na shiga rajistar, wani banki kuma zai iya gani. Doka ta ba shi ƴancin neman rahotonsa da ƙalubalantar abin da ba daidai ba.

Don haka malam, ka tambayi bankinka yadda za ka samu rahotonka, ka duba ko akwai bashin da ba ka sani ba. Ka adana rasiɗin kowane biya. Kada ka aika hoton katin ɗan ƙasa ta WhatsApp ga wanda ba ka sani ba. Takardun haihuwar ɗalibai da ke ofishin lakwal kuwa amana ce a hannunmu, a sa su cikin akwati mai makulli. Amurkawa sun yi shekara 129 kafin su samu ƴancin ganin abin da aka rubuta a kansu. Mu mun same shi tun farko, saura mu yi amfani da shi.