Bayani: Maganin ƙurajen fuska da hasken leza mai sauƙin ƙarfi

Ƙurajen fuska na daga cikin cututtukan fata da suka fi yawa a duniya. Likitocin fata a Amurka sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na matasa masu shekaru 12 zuwa 24 kan yi fama da su, wasu kuma ƙurajen kan bi su har bayan sun haura shekara 30.

Ɗaya daga cikin hanyoyin magani da ake yawan tallatawa ita ce haska fuska da leza mai sauƙin ƙarfi, ko kuma da ƙananan fitilun LED. Hasken ba ya ƙona fata, ba ya yanka ta, kuma da ƙyar mutum kan ji ɗuminsa.

Mafarin abin

Yin magani da haske ba sabon abu ba ne. A shekarar 1903 likitan nan na ƙasar Denmak, Niels Finsen, ya samu lambar yabo ta Nobel saboda warkar da tibin fata da ya yi da haske.

An ƙera leza ta farko a Amurka a 1960. A 1967 kuma wani likita a birnin Budafes na ƙasar Hangari, Endre Mester, ya haska leza mai rauni a bayan ɓerayen da aka aske, sai ya lura cewa gashinsu ya riga na sauran tsirowa. Daga nan ne aka soma binciken yadda haske maras zafi ke shafar ƙwayoyin halittar jiki.

Yadda yake aiki

Ƙurji kan fito ne idan maiƙon da fata ke fitarwa ya haɗu da matacciyar fata suka toshe ƙofar gashi. A cikin wannan toshiya ne wata ƙwayar bakteriya mai suna Cutibacterium acnes ke hayayyafa, wurin ya kumbura, ya yi ja, wani lokaci ya tara mugunya.

Ita wannan ƙwaya tana samar da wani sinadari da ake kira fofirin. Idan shuɗin haske mai tsawon zango kimanin nanomita 415 ya sauka a kan sinadarin, sai ya saki wani nau'in iskar oksijin mai guba, wanda ke kashe ƙwayar daga cikinta. Matsalar shuɗin haske ita ce ba ya shiga fata da nisa.

Jan haske, mai nanomita 630 zuwa 660, ya fi shi nutsewa. Masu bincike na ganin cewa yana shafar sassan da ke samar wa ƙwayoyin halitta kuzari, abin da ke rage kumburi. Shi ya sa galibi ake haɗa launukan biyu.

Ya kamata a sani cewa akasarin na'urorin da ake sayarwa da sunan leza, fitilun LED ne kawai. Haka kuma wannan hanya ta bambanta da leza mai ƙarfi kamar AviClear, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2022. Ita wannan zafi take amfani da shi wajen raunana jijiyoyin da ke fitar da maiƙo.

Abin da bincike ya nuna

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a asibitin Hammersmith da ke Landan, aka wallafa a shekara ta 2000. Mutane 107 masu matsakaitan ƙuraje suka shiga gwajin. Waɗanda aka haska musu shuɗi da ja na minti 15 a kullum har tsawon mako 12, ƙurajensu masu kumburi sun ragu da kashi 76 cikin 100, masu baƙi ko farin kai kuwa da kashi 58.

Sai dai a 2016 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken likitoci, ta duba gwaje-gwaje 71 da suka ƙunshi mutane 4,211, inda ta ce babu ƙwaƙƙwarar shaida a kan amfanin haske ga ƙurajen fuska. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, na ɗan gajeren lokaci, kuma kowanne da irin na'urarsa da yawan haskensa.

Wannan ba yana nufin hasken ba ya aiki ba ne. Ana iya cewa yana sassauta jajayen ƙuraje marasa tsanani, amma ba ya hana fata fitar da maiƙo, don haka sukan dawo idan aka daina. Manyan ƙuraje masu zurfi, waɗanda ke barin rami a fuska, sun fi ƙarfinsa, kuma wanda ya ɓata watanni yana haska su na iya ƙarewa da tabon da ba zai goge ba.

Har yanzu magungunan da likitoci ke farawa da su su ne na shafawa, irin su benzoyl peroxide da adapalene, sai ƙwayoyin doxycycline, sai kuma isotretinoin idan abin ya tsananta. Wani dalilin da ya sa ake neman mafita a haske shi ne yadda ƙwayar cutar ke ƙara bijire wa magungunan kashe bakteriya.

Abubuwan lura

Illolin da aka fi gani su ne bushewar fata da jan fuska na ɗan lokaci. Ido ne ya fi buƙatar kariya. A 2019 kamfanin Neutrogena ya janye abin rufe fuskarsa mai haske daga kasuwa, bisa fargabar cewa zai iya lahanta idon masu wasu cututtukan ido, ko masu shan magungunan da ke sa jiki kasa jure haske. Doxycycline ma na cikin irin waɗannan magunguna.

Masu baƙar fata na da ƙarin dalilin yin hattara. Bincike ya nuna cewa shuɗin haske na iya sa fata mai duhu ta ƙara baƙi na tsawon lokaci, ga shi kuma baƙin tabon da ƙurji ke bari shi ne ya fi damun da dama daga cikinsu.

Akwai kuma ƙurajen da man bilicin mai ɗauke da sinadarin sitiroyid ke haddasawa. Waɗannan haske ba ya magance su muddin ana ci gaba da shafa man, kuma likitoci na ba da shawarar a janye shi sannu a hankali ƙarƙashin kulawarsu, domin dainawa farat ɗaya kan sa fuskar ta ƙara rikicewa.