Janar Mitchell Da Jiragen Sama Na Yaƙi

'Yan makaranta, yau za mu ba ku labarin wani jarumi na ƙasar Amurka, Billy Mitchell, wanda ya yi jayayya da manyansa a kan jirgin sama har ta ci masa aiki.

An haife shi a 1879. Ubansa ɗan majalisa ne, mai dukiya, amma a 1898 yaron ya shiga soja a kurtu. Sai a 1916 ya koyi tuƙin jirgin sama, da kuɗin aljihunsa, don hukuma ta ce ya yi girma da wannan aiki. Da aka tura shi Faransa bai zauna ofis yana aike ba. Shi da kansa ya kan tashi ya ƙetare kan ramukan Jamusawa ya dubo, shi ya sa matuƙa suka ba shi zuciyarsu. A watan Satumba 1918, a yaƙin Saint-Mihiel, jirage kusan 1,500 ya haɗa ƙarƙashin umurninsa, abin da ba a taɓa gani ba.

Da ya komo gida sai ya dage a kan magana biyu: a ware sojan sama su zama runduna mai cin gashin kanta, kamar yadda Ingila ta yi a 1918, kuma jirgin sama na iya nutsar da manuwa. To, manuwa kuwa ita ce abin tinƙahon manyan ƙasashe, kuɗin guda ɗaya ya isa a sayi jiragen sama barkatai. Hafsoshin ruwa suka yi dariya. Aka kawo wata manuwa da aka karɓe daga Jamus, Ostfriesland, aka ɗaure ta a teku, aka ce bismilla. Ran 21 ga Yuli 1921 yaransa suka zo da bom mai nauyin laba 2,000. Dabararsu ita ce su jefa shi cikin ruwa dab da gefenta, don in ya fashe ƙarfin ruwan ya tsaga cikinta ta ƙasa, inda ƙarfe ba shi da kauri. Kafin rabin sa'a ta kife. Hafsoshin ruwa suka ce ai jirgin a tsaye ya ke, ba kowa ciki, ba mai harbi. Mu ma mun ga wannan magana tasu tana da ƙamshin gaskiya.

A 1924 ya rubuta wa hukuma cewa wata rana Japan za ta faɗa wa Pearl Harbor ta sama da sassafe. Aka ajiye takardar. A 1925 aka mai da shi kanar, aka tura shi Teksas. Cikin Satumba wani ƙaton jirgin balan-balan na sojan ruwa, Shenandoah, ya karye cikin hadari, mutum 14 suka mutu. Mitchell ya kira 'yan jarida, ya zargi shugabannin soja da rashin iya aiki da sakaci. A nan harshensa ya yi kaifi ainun, don soja ba ya zagin na gaba da shi a bainar jama'a. Aka kai shi kotun soja. Ana cikin shari'ar nan ne, ran 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na Ingila suka sauka Kano daga Masar, karo na farko ke nan. Kotu ta dakatar da shi shekara 5, sai ya ajiye aiki a 1926, ya rasu a 1936.

Ran 7 ga Disamba 1941 Japan ta faɗa wa Pearl Harbor da safe. Sai dai jiragenta daga kan jiragen ruwa masu ɗaukar jirage suka taso, irin waɗanda Mitchell ya raina. Bayan kwana uku jiragen sama suka nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila biyu kusa da Malaya, su kuwa suna tafe suna harbi. Arnold, ƙaramin hafsan da ya ba da shaida dominsa a kotu, shi ya shugabanci sojan saman Amurka a wannan yaƙi, kuma a 1947 aka ware su suka zama runduna dabam.