Jirgin Haya: Yadda Tuƙin Jirgin Sama Ya Fita Daga Hannun Attajirai a Ingila

Bayan yaƙin duniya na ɗaya, wanda ya iya tuƙa jirgin sama a Ingila ko dai tsohon soja ne ko mai dukiyar da za ta sai masa jirgi. Haya ce ta karya wannan shinge. A ranar 22 ga Fabrairun 1925 Geoffrey de Havilland ya gwada ƙaramin jirginsa mai kujera biyu, DH.60 Moth, wanda fikafikansa ke naɗewa har a ajiye shi a 'yar rumfa. A shekarar ce kuma Ma'aikatar Jiragen Sama, bisa ƙoƙarin Sir Sefton Brancker, ta fara tallafa wa kulob biyar na masu sha'awar tuƙi, ciki har da na Landan da Lancashire da Newcastle. Kulob ke da jirgin, shi ke ɗaukar malami da makaniki, ɗan kulob kuwa kuɗin awar da ya yi a sama kawai zai biya. Jirgi yana cin kuɗi ko yana ajiye, domin akwai wurin ajiya da inshora da duba inji, to da aka raba wannan nauyi a kan mutane da yawa sai ya zama abin ɗauka.

Amy Johnson ta isa hujja. Sakatariya ce a ofishin wani lauya a Landan lokacin da ta shiga kulob ɗin da ke filin Stag Lane, ta koyi tuƙi a jirgin haya, ta sami lasisi a 1929, har ta haɗa da na gyaran inji. A ranar 5 ga Mayun 1930 ta tashi ita kaɗai daga Croydon, ta sauka Darwin ta Ostareliya ranar 24 ga watan. Mai ja zai ce ai mahaifinta ɗan kasuwa ne, kuma shi da Lord Wakefield suka biya kuɗin jirgin da ta yi tafiyar. Gaskiya ne, kuma leburan masaƙa bai taɓa samun kuɗin awa guda ba. Amma wa zai zuba kuɗi a kan wadda ba ta taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba? Lasisin ne ya jawo mata masu taimako, shi kuwa a jirgin kulob aka same shi.

Suka mafi nauyi ita ce gwamnati ba don Allah ta yi ba, matuƙa take tanada saboda yaƙi. Ba a musun wannan. A 1938 an kafa Civil Air Guard, aka rage kuɗin koyo a kulob-kulob ga duk wanda ya yarda a kira shi in ta ɓaci, kuma Tiger Moth, ƙanin DH.60 Moth, tuni ya zama jirgin koyon sojan sama. Amurka ma ta bi sahu a 1939. Sai dai niyyar mai ba da tallafi ba ta rage amfanin abin ba. Yaƙin duniya na biyu ya zo ya ƙare, tsarin ya ci gaba: har yau yawancin masu koyon tuƙi a jirgin haya suke farawa, galibi Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956 kuma aka ƙera fiye da 44,000.