Waya Ɗaya, Garuruwa Uku: Tarihin Wutar Lantarki Tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bin diddigin wata tambaya wadda ba kasafai masana tarihin wannan yanki suke tsayawa kanta ba, watau me ya sa Gusau da Tsafe da Bunguɗu, waɗanda kasuwa da auratayya da hanya suka daɗe da haɗawa, ba su zama masu iko da wutar da suke sha ba. Ra'ayinmu shi ne ba rashin al'adar haɗin kai ya jawo haka ba. Tsarin mulkin da aka ɗora garuruwan a kansa ne ya raba su da abin.

Kowa ya san yadda Gusau ta bunƙasa bayan da jirgin ƙasa daga Zariya ya ratso ta Funtuwa da Tsafe ya iso gare ta, ya zarce Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, gyaɗa da auduga suka riƙa kwararowa daga ƙauyukan Bunguɗu da Kwatarkwashi da Tsafe. Gari irin wannan ya cancanci a ce ya mallaki wutarsa tun da wuri. Ai kuwa akwai misali kusa, domin a farkon shekarun 1930 En'en Kano ta Sarki Abdullahi Bayero da En'en Katsina ta Sarki Muhammadu Dikko duk sun kafa wutar lantarki da kuɗin baitulmalinsu, suna tafiyar da ita da kansu.

To, a nan ne bambancin yake. Kano da Katsina kowace tana da baitulmali a cikin birninta. Sarkin Katsinan Gusau kuwa, da 'Yandoton Tsafe, da Sarkin Fulanin Bunguɗu, a wancan zamani hakimai ne a ƙarƙashin En'en Sakkwato. Harajin da suka tara da jangali can ake kai su, can kuma ake tsara abin da za a kashe. Ko da hakiman uku sun zauna sun yi shawara, ba su da asusun da za su sayi inji daga cikinsa. Wannan, a ganinmu, shi ne tushen al'amarin, sauran abin da ya biyo baya ƙari ne kawai.

Abin da ya biyo baya kuwa ba shi da wuyar faɗa. A 1951 hukumar ECN ta fara aiki, ta karɓe tashoshin gwamnati da na En'e baki ɗaya. Aka gama madatsar Kainji a 1968, a 1972 kuma aka haɗe ECN da hukumar madatsun Kwara aka sami NEPA. Daga nan ikon wuta ya koma Ikko. Babbar waya ta biyo ta Zariya da Funtuwa zuwa Gusau, daga tashar Gusau kuma ake rarraba wa garuruwan kewaye. Ta haka garuruwan nan suka wayi gari a kan waya ɗaya ba tare da an nemi shawararsu ba: in ta lalace a dajin da ke tsakanin Funtuwa da Gusau, mai walda a Tudun Wada da mai injin niƙa a Bunguɗu tare suke nade hannu. Ko kafa Jihar Zamfara a 1996 bai sauya wannan ba, haka nan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013 da 2014, wanda ya sa Zamfara da Sakkwato da Kebbi a hannun kamfanin da ke Kaduna.

Yana da kyau mu leƙa wata ƙasa don kwatanci. A tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya ce tak cikin goma take da wuta a Amurka, saboda kamfanoni sun ga ba riba a jan waya zuwa karkara. A 1935 gwamnati ta kafa hukumar kai wuta ƙauyuka, ta riƙa ba ƙungiyoyin gama kai na manoma rance mai sauƙi, su kafa turaku, su ja waya, su karɓi kuɗi daga junansu. Cikin shekara ashirin fiye da tara cikin goma na gonakin sun sami wuta. Bangaladash ta ɗauki wannan tafarki a 1977. Abin lura shi ne, a 1935 ɗin nan ne aka yi dokar ƙungiyoyin gama kai a Nijeriya, amma namu ƙungiyoyin aka tsare su a kan sayar da amfanin gona da bashin noma, ba wanda ya nufe su da maganar wuta.

Duk da haka mutane ba su zauna ba. Duk wanda ya zauna a unguwannin garuruwan nan ya ga yadda ake karo-karo in taransfoma ta ƙone, mai unguwa da liman da 'yan kasuwa su bi gida gida har a tara kuɗin gyara. Gayya ce irin ta gona, an mai da ita kan waya. Illarta ita ce, bayan an gama, kayan ba na masu karo-karon ba ne, kuma gayyar ba ta wuce iyakar unguwa, balle ta haɗa gari da gari.

A 2023 aka gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar dokar wuta wadda ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. In an aiwatar da wannan hukunci, Gusau da Tsafe da Bunguɗu za su sami abin da hakimansu na 1930 suka rasa, watau asusu a hannu. Rana kuwa ba ta yi musu ƙaranci ba, kuma Gulbin Sakkwato ya ratsa biyu daga cikinsu. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya kan wanda zai riƙe kuɗin, da rabon wuta in ta yi kaɗan, tun da Gusau ta fi sauran biyun yawan jama'a da masana'antu, da kuma wanda zai tsare turaku a kan hanyar Tsafe a wannan zamani na 'yan bindiga.