Tsohuwar Kwalejin Katsina da Kangayen Garuruwanmu

A shekarar 1921 aka kafa Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922. Ginin ƙasa ne, na tubali da azara. A azuzuwanta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. A 1938 makarantar ta koma Kaduna, a 1949 ta sake ƙaura zuwa Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ɗalibai suka tafi, suka bar ginin a Katsina.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ba ya jure zama babu kowa. Indararo ya toshe ba mai gani, ruwa ya kwanta a kan soro, gara ta shiga azara, damina biyu ko uku sai rufi ya rufta. Wannan gini ya tsira ne domin an sama masa aiki. A 1959 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, daga baya aka mai da shi gidan adana kayan tarihi, da ma'aikata masu shiga da fita kullum. Haka Kanawa suka yi da Gidan Makama, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, da Gidan Ɗan Hausa na Bature Hanns Vischer. Wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu da bazara zai ji sanyin da ginin bulo ba ya bayarwa sai da fanka, fankar ma sai in an kawo wuta.

To, mu fa? Tun da aka rushe tsarin En'e a 1976 muke gina sabbin ofisoshi muna juya wa tsofaffi baya. Ni ma ma'aikaci ne, na san ba da kwangilar sabon gini ya fi yaɓe farin jini. Alhali kuwa ba wadatar ɗakuna muke da ita ba: a 2019 mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka a ginin sabuwar fadar Anka da ba a kammala ba suka fake.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, kafin taro mai zuwa 'yan uwa na Anka da Gummi da Bukkuyum su zagaya su rubuto tsofaffin gine-ginen hukuma da ke kulle, da halin da rufin kowanne yake ciki. Sai mu zaɓi ɗaya mu roƙi ƙaramar hukuma ta ba mu aro, mu gyara shi ya zama ɗakin karatu na ƙannenmu masu shirin jarrabawa.