Haɗa 'yan tsaki da manyan kaji

Haɗa 'yan tsaki da manyan kaji mataki ne a kiwon gida da ke buƙatar lura, domin manya kan sari ƙanana, su hana su abinci. A Dole Kaina da ƙauyukan Bagudo na Jihar Kebbi, kusa da iyakar Benin, kaji na kiwo ne a sake. An fi so a jira 'yan tsaki su cika gashi, wajen mako 6 zuwa 8, sannan a kife su da kwando a tsakar gida na 'yan kwanaki, manya su saba da ganinsu. Waɗanda aka sayo a kasuwa kuwa sai an ware su aƙalla mako 2, saboda cutar Niyukasil mai tsananta da hunturu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom na samar da rigakafinta.