Wa Zai Kwashe Gubar?

Masu sauraronmu na Gaya da Ajingi, kun tambaya: in aka zuba guba a gona, wa doka ta ɗora wa kwashewa? To, sai a 1988 aka yi takamaimiyar doka, bayan an gano gangunan guba daga Italiya jibge a garin Koko, jihar Bendel ta lokacin. Gwamnatin Babangida ta matsa, Italiya ta kwashe kayanta. Doka ta 42 ta ce wanda ya zuba, ɗaurin rai da rai, kuma ya biya diyya. Amma fa da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, masu haƙar zinariyar talakawa ne, ba abin biya. Kuɗin gyaran Bagega sai a 2013 gwamnatin tarayya ta saki.